Kunun da Ya Kumbura Jarka

"Lafiya lau, Adda. Ya ƙafar? Ya kwanan tsufa?"

"Tsufa ka baro shi a Kazaure, ni da ƙuruciyata na tashi. Angon ƙarni, yau wace iska ce ta kwaso ka?"

Ashiru direban adaidaita ne a Kazaure. Adda kuwa kakarsa ce ta wajen uwa, ita ta riƙe shi a Roni tun rasuwar mahaifiyarsa, kuma tsakaninsu ba a taɓa gama gaisuwa ba a yi tsiya ba. Ran nan da hantsi ya shigo mata rungume da wata jarka ruwan ɗorawa wadda ta kumbura ta yi tim. Ya lallaɓa ya ajiye ta a gindin darbejiya, ya ja da baya.

Abin da ya kawo shi ba ƙarami ba ne. Matarsa Halima Sa'adiyya ta haifi 'ya mace, tana wankan jego a gidansu a Gwiwa, kuma gobe suna. Ranar barka, bakin nan nasa da ba ya gajiya ya ce a gaban surukinsa, Liman Muhammadu Lawal, a bar masa kunun zaƙi, zai kawo na Adda wanda duk Roni aka san shi. Sai dai bai gaya wa Addar ba, don tun faɗuwar da ta yi da damina Kawu Haladu ya kafa doka kada wanda ya ƙara sa ta aiki. Shi ne gogan naka ya ce ai ya sha ganin ana yi, ya zage ya yi da kansa.

Adda ta nuna jarkar da sandarta. "Wannan fa? Ita ma haihuwar za ta yi?"

"Wani abokina ne ya haɗa kunu, ya ce in nemo masa fatawa."

"Abokin naka shi ma gobe yake suna a Gwiwa?"

"Ke dai kin cika bincike, shi ya sa na yi miki amarya."

"Buɗe mu gani."

"Matsa tukuna, ba ki da saurin gudu."

"Ni da na goya ka na tsere wa ruwan sama tun daga gona har gida? Buɗe, malam."

Ya murɗa murfin kaɗan. Jarka ta yi wani irin huci, murfi ya ƙwace ya yi sama, kumfa ta biyo baya ta wanke masa gaban riga. Kaji suka watse. Wani tsami mai hawa kai ya cika tsakar gidan.

Adda ta toshe hanci da bakin mayafi. "Innalillahi! Ashiru, burkutu ka koma dafawa?"

"A'uzubillahi! Kunun zaƙi ne, wallahi."

"Kunun zaƙin ne yake huci kamar gamsheƙa? Wannan za ka kai gidan liman?"

"Da niyyar ke nan."

"Madalla da suruki. Su sha su yi tatil, liman ya raɗa wa yarinya suna da safe, kafin azahar ya manta ya sake raɗa wani."

Ashiru ya yi dariya, amma iyakarta leɓe. Shi da ya kwana yana jin jarkar nan tana ƙugi a shago ya san abin ya fi ƙarfin wasa. Ya jawo turmi ya kife ya zauna.

"Na ji, ni na yi. Amma laifinki ne, ba ki koya mini da kyau ba."

"Lokacin da ake koyo kana bakin tukunya kana lasar ludayi. Faɗa mini yadda ka yi, kada ka rage komai."

"Wannan na biyu ne. Na farko ƙin tsinkewa ya yi."

"Da me ka markaɗa?"

"Gero, citta, kanumfari, da busasshen dankali."

"Ka raba ƙullun biyu?"

"Na raba. Na dama mai yawan da tafasasshen ruwa, na juye ɗanyen a kai."

"Nan take?"

"Yana tururi ma."

"To ka dafa shi ke nan. Ɗanyen ƙullun nan mai dankali shi yake tsinka kunu ya sa masa zaƙi, amma sai damammen ya huce, ka tsoma yatsa ka ji za ka iya jurewa. Kai komai naka da zafi-zafi. Yaya ka yi da shi?"

"Na ci da miyar kuka."

Adda ta yi dariya har sandar ta faɗi. "Allah ya jiƙan gero! To na biyun fa?"

"Na biyun barci ne ya ɗauke ni, ya huce da kansa. Da safe na tace, Adda, in kin sha sai kin ba ni 'yarki."

"Na ba ubanka ita, ga abin da na samu. Sai aka yi yaya?"

"Sai na ga suna da saura. Na ce tunda kwana ɗaya ya sa masa zaƙi haka, in ya ƙara kwanaki ai sai ya fi zuma. Na antaya sukari, na ɗure a jarka, na ɗaure bakin da leda don ƙuda, na ajiye a shagon da nake kwantar da adaidaita."

"Mai rufin kwanon nan?"

"Shi."

"A zafin nan?"

"Ai don ya nuna sosai."

"Ya kuwa nuna. Ka ba shi sukari, ka ba shi zafi, ka toshe masa numfashi. Ko masu sana'ar ba za su fi ka iyawa ba. Kunun zaƙi ba a ajiyarsa, ɗan nan. Ya kwana, a tace da safe, sannan a sa sukari, a shanye kafin rana ta faɗi."

"Yanzu ba gyara? In na ƙara sukari fa?"

"Ka ƙara masa ƙarfi."

"In na tafasa?"

"Ka tara mana unguwa da wari."

"Kanwa fa? Na ga kina kashe tsami da ita."

"Gyaransa ɗaya ne, ka haƙa rami a bayan gida ka binne. Kuma kada ka zubar inda akuyata za ta lasa. Tana da ciki, kuma 'yar gidan mutunci ce."

Ashiru ya miƙe yana karkaɗe riga. "Shi ke nan, tunda na gane, bari in sayi gero in sake. Yau ɗin nan zan nuna miki an daina yayinki."

"Da wane jiƙon? Gero sai ya kwana a ruwa kafin a kai markaɗe. In an dama kuma ya sake kwana. Kununka sai jibi, ka kai musu su sha da wanke-wanken tukwane."

Ashiru ya koma kan turmi ya zauna, ya rasa inda zai sa idonsa. Ba rashin abin sha ne ya dame shi ba, lemon kwalba cike yake da kasuwa. Maganar da ya yi a gaban mutane ce, har liman yana cewa rabonsa da kunun Adda tun bikin auren Ashiru da Halima. Haihuwar fari ce, kuma karon farko ke nan da aka ɗora masa wani abu a gidan surukai. Kunya ta kama shi tun kafin goben ta zo.

Adda ta dube shi ta gefen ido. "Me ka ce musu za ka kawo?"

"Kunun Adda."

"Au, sunana ka kai Gwiwa ka baza, ni ban sani ba?"

"Kawu Haladu ne ya ce kada a sa ki aiki."

"Haladu ni na haife shi ko shi ya haife ni?" Ta ɗauki sandarta ta dafa. Da ta ci gaba, muryar ba ta wasa ba ce. "Kunun sunan uwarka ni na dama. Naka ni na dama, da zazzaɓi a jikina. Tun ranar da aka ce Halima ta sauka nake zaune a nan, duk adaidaitar da ta tsaya a ƙofa sai in ce kai ne. Kun kife ni a bayan ɗaki kamar tsohuwar tukunya."

Ashiru ya sunkuyar da kai. Shi a zatonsa tausayinta ya ji, ashe ciwo ya ji mata.

"Tashi," in ji ta, "kada ka yi mini kuka a kan turmi. Shiga madafa ka ɗauko mini faifan da na rufe babbar roba da shi."

Ya shiga jiki a sanyaye, ya ɗaga faifan. Roba cike take da gero, ya jiƙu ya yi ɓul-ɓul, an wanke shi tas. A gefe ga citta da kanumfari an ƙulle, ga tire shaƙe da tsiron shinkafa busasshe, wanda Adda take sawa maimakon dankali, shi ne sirrin kununta. Duk rashin sanin Ashiru ya san shinkafa ba ta tsira a kwana ɗaya. Tun ranar haihuwa ta fara.

Ya fito da faifan a hannu, ido ya kawo ruwa. "Adda, wannan na waye?"

"Na wani saurayina ne, ya fi ka hankali, ya fi ka tsawo."

"Da ban zo ba fa?"

"Da gobe na hau mashin da kayana na tafi Gwiwa, in aka tambaye ni in ce ban san uban jaririyar ba."

Ashiru ya durƙusa har ƙasa, yana dariya yana share ido da hannun rigar da ke warin tsami. "Na tuba, uwargida. Na bi, na sallama. Har yanzu ke ce da gidan."

"Da can wa ke da shi? Ɗauki roba ka kai wa Tasalla mai inji, ka ce na Adda ne, ta wanke injin kada ta haɗa mini da tattasai. In ka dawo ni da baki, kai da hannu, kada Haladu ya kai mu ƙara."

Ya ciccibi robar ya ɗora a ka. Har ya kai zaure ya juyo. "In liman ya tambaya wa ya dama fa?"

"In ce angon ƙarni ne, da hannunsa."

"Ita kuma jarkar can?"

"Wannan daga ni sai akuya muka sani." Adda ta gyara zama, ta nuna shi da sanda. "Amma ka ƙara yin wata guda ba ka zo gaishe ni ba, ka ga in liman bai ji labarin burkutunka ba."