Yadda Za Ka Warkar da Motar Manaja da Fulogi Huɗu Kafin Azahar

Kai bakanike, ajiye sifana ka matso. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari motar maigidanka za ta daina tari yau ɗin nan, a yabe ka a gaban ma'aikata. Ba shaci-faɗi ba ne. Da idona na ga Gwadabe ya yi aiki da su, shi da ya shekara goma sha ɗaya yana shugabancin garejin wani kamfanin bargo a Bompai.

1. Kada ka yarda akwai motar da ba ka sani ba

A 1984 manajan kamfanin, Alhaji Labaran, ya sauko da mota daga Turai mai turbo, wato wani ƙarfe mai kama da katantanwa da ke ɗura wa inji iska. Don gudu aka ƙera ta, amma kullum tana rarrafe bayan tireloli tsakanin Bompai da Sharaɗa. Fulogi ya yi baƙi ƙirin, ta fara tari tana fizga. Alhaji ya ce in Gwadabe ba zai iya ba, akwai wani bakanike a Challawa da ake yabo, sai a ba shi garejin.

Gwadabe bai taɓa ganin turbo ba tun da aka haife shi. Ya ɗaga bonet, ya daɗe yana gyaɗa kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, irin wannan ai mun gaji da su." Kai ma haka za ka ce, kada muryarka ta yi rawa.

2. Guji littafin mota

Sule, direban Alhaji, ya zaro littafin daga aljihun mota. "Malam Gwadabe, ga lambar fulogin nan an rubuta. Mai sanyi take so."

"Sule, tuƙi aka ɗauke ka ko karatu?"

Madalla da wannan amsa! Gaskiya ne fulogi iri-iri ne. Akwai mai riƙe zafi a bakinsa yana ƙone dauɗa, na mota mai tafiyar hawainiya. Akwai mai saurin zubar da zafi, na injin da ke dahuwa da kansa, irin mai turbo. Amma sanin wannan na masu lokaci ne, kai kuwa Alhaji na tsaye a kanka.

3. In ya ɗauru, nata ne

A Sabon Gari za a ce maka fulogin asali sai an aiko daga Legas, mako uku. Mako uku ya ishi mutumin Challawa ya koyi sunan kowa a garejinka. Buɗe akwatinka ka ɗauko fulogin Fijo guda huɗu, masu zafin nan. Murɗa. Ya shiga ramin? Shi ke nan, Bature ma da hannu ya murɗa nasa.

4. Gwaji: daga gareji zuwa ƙofar kamfani

Giya biyu, kada ka wuce. Motar Alhaji ta yi luf, sai ka kasa kunne za ka ji injin. Alhaji ya dafa kafaɗar Gwadabe a gaban masu sauyin aikin rana ya ce, "Kun ga aikin hannu?" Wallahi har ƙwalla Gwadabe ya yi.

5. Tanadi mai laifi tun da wuri

Kada ka ɗauka Gwadabe jahili ne. Ya san ranar da aka taka motar nan a doguwar hanya, bakin fulogin zai yi ja kamar garwashi, ya kunna fetur kafin lokaci, fistin da ke cikin injin ya narke. Tsoro ya hana shi cin abinci. Sai ya zauna a rumfar Hauwa mai shinkafa da wake, ya yi ajiyar zuciya yadda kowa zai ji.

"Ni motar nan tausayi take ba ni. Ƙafar Sule nauyi gare ta."

Ba sai ka maimaita ba. Abin da aka faɗa a rumfar Hauwa da hantsi, kafin la'asar ya isa ofis.

6. Ko mene ne, kada ka shiga motar

Nan Gwadabe ya zame, kai ka kiyaye. Ranar Talata da safe Alhaji ya kira shi.

"Na ji labarin ƙafar Sule. Yau ina da taro a Kaduna ƙarfe goma sha biyu, kai za ka kai ni. Mota sai wanda ya san ta."

Suka ɗauki hanyar Zariya, Gwadabe na lallaɓa ta kamar ya ɗauko ƙwai. A Kura motar tumatir ta wuce su. A Kadawa wani mai babur da buhu biyu ya wuce su, har ya waiwayo.

"Gwadabe, jana'iza muke rakiya?"

"Ranka ya daɗe, injin ne yake sabawa."

"Da kuɗina na sayi gudu. Taka ta!"

Abu biyu ya rage masa: ya buɗe baki ya ce fulogin Fijo ne a ciki, ko ya taka. Ya dubi Alhaji ta madubi, ya yi bismilla, ya taka.

Kai, ta yi gudu! Minti bakwai Alhaji na dariya yana buga cinya. Da suka wuce Kwanar Ɗangora sai aka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, hayaƙi ya turnuƙe bayansu, ta gangara gefen titi ta yi shiru. Babu Sule, babu Hauwa, sai shanu suna kallo.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu ya ce, "Kawo makulli." Gwadabe ya zare na mota ya ba shi da hannu biyu.

"Ba wannan ba. Na gareji."

Sanarwa

Mai wannan rubutu alkawarin azahar ya yi maka, bai ce komai game da Talata ba. Fistin da ya huje, taron da aka rasa da hawayen iyalinka duk naka ne, kada ka zo gidana. Mai neman ƙarin bayani ya nemi Gwadabe a Ɗorayi, inda yake kula da injin niƙa. Na dizal ne, ya bincika sosai kafin ya karɓi aikin, babu fulogi ko ɗaya a jikinsa.