Shafi na Sha Bakwai da Motar Kaka Mai But

"...lafiya ƙalau, tsohon miji. Da haƙoranka ka kwana, ko a kofi suka kwana?"

"Da su na kwana, amarya, don kada ki sayar ki sayi hoda. Ina littafin sharrin naki?"

Littafin yana cikin jakarta. Shekara biyu Sakatariya, kamar yadda dangi ke kiranta, tana bin tsofaffin gidansu tana rubuta tarihin zuri'a, yau kuma za ta kai wa mai buga takardu a fitar wa kowane gida nasa. Kakanta, tsohon mai gyaran jikin mota, ya ce ƙafarta ƙafarsa, saboda shafi na sha bakwai. A nan ta rubuta: "Kaka ya ce motarsa ta fari tana da but a baya. Ba a tabbatar ba." Kowa ya san irin motar, 'yar ƙarama ce mai yankakken baya, murfin da gilashin tare ake ɗaga su. Shekara arba'in ana yi masa dariya. Hoto ɗaya ne ya rage, shi ma Kaka ya tsaya a gefen baya ya baza babbar riga ya rufe komai.

"Ki goge 'ba a tabbatar ba' ɗin nan," in ji shi, suna tafe a bakin titi. "Buhu biyu nake sawa a ciki, da akwatin kakarki."

"Bara ka ce buhu ɗaya. Badi sai mu ji har da saniya."

"In na mutu tattaɓa-kunnena su karanta cewa maƙaryaci ne ni?"

"Ai mai da kai na yi mai hikima. Kai kaɗai ka ga wutsiya a jikin kwaɗo."

"Saki ɗaya."

"Na gode Allah. Dama na gaji da miji mai tafiya da ƙafa uku."

Ta yi 'yan taku ba ta ji ƙarar sandar Kaka ba. Da ta waiga, sai ta ga sandarsa a ƙasa, shi kuma ya ƙame a ƙofar wani fili da ake yanka tsofaffin motoci, baki buɗe. Ta dawo da sauri ta riƙe shi.

"Kaka, ƙirjin ne? Zauna."

Hannu kawai ya ɗaga. Can cikin filin, a kan duwatsu, ga wata mota ba taya, fenti duk ya ƙoƙe. Fuskar ita ce ta cikin hoton, fitilu zagayayyu, hanci gajere. Sakatariya ta bi jikin da ido har baya, tana jiran inda zai yanke. Bai yanke ba. Gilashi ya sauka, sannan ƙarfe ya miƙe ya yi but, da murfinsa da makullinsa. Wani mutum kuma yana tsugune kusa da ita yana kunna wutar yankan ƙarfe.

"Innalillahi," ta ce a hankali.

"Malam, kashe wutar nan," in ji Kaka. Ya tsallake wata tsohuwar ƙofa ba sanda, abin da ya shekara biyar bai yi ba.

Ta bi shi, jaka a ƙirji. "Tsaya tukuna. Ƙari aka yi mata. Wani ɗan'uwanka mai walda ne ya manna mata bayan wata motar."

"Ke da ko ƙusa ba ki taɓa bugawa ba? Kawo kunnen naki mai kama da murfin tukunya."

Ya ciro makullin ɗakinsa ya fara ƙwanƙwasa jikin motar daga ƙofar baya. "Inda aka yi walda aka shafe, ƙarfe ba ya amsawa, tuf yake cewa. Saurara." Kan, kan, kan, har ƙarshen but ɗin, murya ɗaya. Sannan ya kama hannunta ya cusa a ƙarƙashin ƙarfen da ke saman gurbin taya. "Shafa. Kin ji tabon ɗinki?"

Ta shafa sau biyu. Sumul, sai tsatsa.

"Babu," ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

Mai yankan ya cire tabaransa. "Baba, shekara ashirin ina yanka irin motar nan, ban taɓa ganin mai but ba sai wannan. Wanda ya kawo ta ya ce a wata ƙasa kaɗai aka haɗa su, 'yan kaɗan, wai mutanen can ba sa ɗaukar mota marar but a bakin mota. Da kun ƙara minti biyar da kun tarar da ita gida huɗu."

Sakatariya ta zauna a kan wani injin ba ta ko duba maiƙon ba. Ta tuna kawunnanta suna kwaikwayon Kaka yana buɗe iska da makulli. Ita ma ta yi dariyar, har ta zuba ta a takarda.

"Kaka, ashe duk shekarun nan..."

"Kada ki yi min kuka, munin zai ƙaru. Ciro wayar ki ɗauka kafin bawan Allah ya yanka min shaida."

Ta miƙe, ta ja baya, ta saita wayar. Kaka ya gyara hula, ya taka a hankali zuwa gefen baya, ya tsaya, ya baza riga hannu biyu. But ɗin ya ɓace gaba ɗaya.

Ta sauke wayar tana kallonsa.

"Tsohon miji, haka ka tsaya a wancan hoton?"

"To a ina zan tsaya? Ai mutum a gun abin alfaharinsa yake tsayawa."

"Shekara arba'in kai ka rufe shaidarka da rigarka."

Kaka ya kalli rigar, ya waiga ya kalli motar. Bakinsa ya sake buɗewa. Mai yankan ƙarfe ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Dariya ta kece wa Sakatariya har da hawaye. Ta buɗe shafi na sha bakwai, ta miƙa masa bironta. "Na sallama. Goge da hannunka, biron ma na bar maka. Amma matsa gaba, wajen fitila."

Ya karɓa, ya ja layi mai kauri, ya soke biron a aljihu.

"Na mai da ke ɗakinki," ya ce, yana matsawa. "Ki rubuta buhu uku."