Juma'ar da Aka Rufa Mini Buhu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina kaf, da Juma'ar da aka kai ni ƙofar maigari da buhu a ka. Har yau in na ratsa kasuwar Cadawa na hangi inda ake jibge buhunan shinkafa, sai in canza hanya. Amma tun kafin a yi nisa bari in faɗa: kunya kam na sha ta, laifi ne ban ce na yi ba, ba kuwa zan ce ba.

Tun da maigidana ya rasu na ɗaukar wa kaina al'ada. Kowace Juma'a ina fidda tiya guda ta hatsi daga gamanata, wato 'yar gonar da nake nomawa da hannuna, in yi sadaka da ita, damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ban taɓa taka ƙofar lakol, wato makarantar boko, ba, amma wajen zaɓen wanda zan ba, ko alƙali bai fi ni tsanani ba. Wanda ya tsaya bakin ƙofa ya yi roƙo, Allah ya ba shi, akwai masu ba shi. Tiyata ta mai kunya ce, wanda zai kwanta cikin ɗaki da cikinsa yana kuka bai gaya wa kowa ba.

To yaya nake gane shi? Da kunne da ido. Gidana yana kan ɗan tudu. Da hantsi sai in zauna gindin rumbu in saurari turame, don na san muryar turmin kowace mace a unguwarmu kamar yadda na san tarinta. Da marece kuma in dubi hayaƙi. Gidan da turminsa ya yi shiru, hayaƙi bai tashi ba, can tiyata za ta. Ba na kai ta cikin ƙwarya (duk garin an san ƙwaryata da ɗinkin da ke bakinta). Cikin tsohon baƙin tsumma nake ƙulle ta, in jira maza su shige masallaci da asuba, in jefa ta bisa katanga, in yi tafiyata. Waɗanda suka samu ba su taɓa faɗi ba, don wanda ya faɗi kansa ya tona. Da wannan ma'auni nake tsallake gidaje da yawa. Akwai wata Tabawa, mijinta ya tafi cin rani kudu bai waiwayo ba, ya bar ta da yara. Sau da yawa nakan tuna ta, amma turminta ne ke fara tashin unguwa kullum, sai in ce wannan jaruma ce, ta tsaya da ƙafarta.

Ana nan sai dimokuraɗiyya ta iso, bayan babban taron ƙasa da aka yi a Yamai. Jam'iyyu suka fito kamar ciyawar ruwan farko. Kullum mota da lasifika daga Agiye, kullum a kawo gudummawa: yau ta tarbar baƙi, gobe ta makaɗa, jibi ta anko. Maƙwabcina Nomau, yaron da nake nan aka yanke masa cibiya, shi ya zama shugaban wata jam'iyya a garinmu. Matarsa Dije ta zama shugabar mata. Ran nan ta shigo mini da sabon zane tana ƙamshi.

"Inna, anko za mu yi, ɗan takararmu zai zo. An ce kowace mace ta kawo abin da ya sawwaƙa."

Na ce, "Ɗan takarar naku tsirara yake?"

"Haba Inna, mu ne za mu ɗaura!"

"To ke ma ban gan ki tsirara ba. Hatsina yana da masu shi."

Ta fita tana ƙunƙuni, wai tsohuwa ta rungume rumbu kamar da shi za a binne ta. Na ji ta sarai, na bar ta.

Damina ta yi tsakiya, lokacin nan da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Sai na lura turmin Dije ya yi shiru. Na ce ko ba ta da lafiya. Na dubi hayaƙi, babu. Na bi ta gonar Nomau na tarar ciyawa ta cinye ta, shi yana can yana bin motar lasifika. Ƙofar gidan kuma, da take buɗe kullum, sai ga ta a rufe dare da rana. Na ce shi ke nan, siyasa ta cinye su, sun sayar da abin rumbu sun yi anko, yanzu kunya ta rufe su. Zuciyata ta ce ai ita ta zage ki. Na ce ba Dije nake ba, yaranta nake ba. Juma'a da asuba na ƙulle tiyata cikin wani baƙin tsumma na jefa musu. Juma'a ta zagayo, na sake.

Sai ɗiyata ta fari ta zo gaishe ni (ba na faɗin sunanta, balle na mijinta, wanda tun da ya aure ta bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, in ya hango ni a hanya dawa yake faɗawa). Ta sassauta murya ta ce, "Inna, kin ji abin da ake yi wa gidan Nomau? 'Yan waccan jam'iyyar ke jefa musu asiri. An ce allurai ne da ƙashin mutum cikin jan ƙyalle. Kazar Dije ta tsattsaga, ta mutu. Babur ɗin Nomau ma ya ƙi tashi. Har malami aka ɗauko daga Gazawa ya sa aka binne abin bayan gari."

Wallahi ko kusa ban kawo kaina ba. Ni baƙin tsumma nake jefawa, an ce ja. Ni hatsi, an ce ƙashi. Sai ma tausayi ya ƙara kama ni: ga yunwa, ga maƙiya. Na buga ƙirji na ce, "Allah ya tona asirin mai wannan aiki a bainar jama'a! Su ma sakarkaru ne. Su sa ƙato ya laɓe gindin katanga da buhu mana. Yana ganin mutum ya rufa masa, ya kai shi ƙofar maigari kafin ya buɗe baki." Ta ce ai kuwa za ta gaya wa maigidanta, shi ma ɗan jam'iyyar su Nomau ne. Na ce ki gaya masa ni na ce.

(Kun ji fa. Da bakina. Har da "ni na ce".)

Juma'ar da ta biyo na ƙara ƙullin ya fi na kullum, saboda halin da suke ciki. Liman ya tada salla, na lallaɓa, na taka wani tsohon kututture da ke jikin katangar, na ɗaga hannu. Ban kai ga saki ba sai duniya ta yi duhu. Buhu tun daga kai har ƙugu. Aka cicciɓe ni aka saɓa a kafaɗa kamar damin kara, aka kwarara ihu.

"Na kama shi! Jama'a ku fito, na kama shi!"

Na gane muryar. Surukina ne. Shi ya sa na yi gum. Me zan ce? Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, sai yau da nake rataye a kafaɗarsa, ƙafafuna na lilo, zan soma yi masa magana? Na zaɓi a kai ni duk inda za a kai ni. Ina jin maza na fitowa daga masallaci, ina jin takalma na bin mu. Wani ya ce, "Kai, wannan ƙafar mace ce!" Wani ya ce, "Tsohuwa ma, dubi kaushi!" Surukin nawa yana haki ya ce, "Ko wace ce yau sai ta ci ƙaniyarta!"

Aka dire ni ƙofar maigari, gari ya waye sarai. Maigari ya ce a buɗe. Surukina da kansa ya fizge buhun, ya haɗa da kallabina. Ga ni tsaye, furfura a waje, ƙulli a hannu. Muka haɗa ido, karon farko a duniya. Ya ce, "Innalillahi," ya saki buhun, ya juya ya ranta a na kare, takalminsa ɗaya nan ya bar shi. (Daga nan garin Gangara ya wuce wajen kawunsa, sai da aka cire amfanin gona ya dawo.)

Babu wanda ya yi dariya. Da ma dariyar aka yi. Dije ta kutso ta ce, "Ashe ke ce! Shi ya sa kika hana na anko, ashe ta wancan ɓangaren ce ke!" Na ji wata daga baya ta ce, "Dama zaman nan da take yi gindin rumbu tana kallon gidajen mutane..." Tsohuwa mai zama ita kaɗai, in aka laƙaba mata sunan mayya a gari irin namu, ya zauna ke nan. Ba mai ƙara cin abin hannunta, ba mai barin yaro ya shiga gidanta, jikokinta ma sai an yi musu gori a rijiya.

Na dubi taron. Ga fuskoki nan da suka san baƙin tsumma sarai, waɗanda suka taɓa tsintarsa a tsakar gidansu. Duk suka sunkuyar da kai. Da na kira sunan ɗaya da na fita. Na ce a raina ba zan wanke kaina da mutuncin wani ba.

Maigari ya ce, "Inna, me ke cikin ƙullin nan?"

Na kwance na shimfiɗa gabansa. Hatsi.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ai an yi masa tofi! In ta isa ta ci."

Na dumbuza na watsa a baki. Ɗanyen hatsi, da haƙoran da suka rage mini, ina tauna ina kallonsa, garin duka na kallona. Sai da na haɗiye.

"To Inna," in ji maigari, "me ya kai hatsinki gidan Nomau da asuba?"

Na so in yi shiru, don sadakar da aka faɗa ta rage daraja. Amma an kai ni bango. Na ce, "Ranka ya daɗe, turmin gidan ya daina magana. Hayaƙi ya daina tashi. Ƙofa a rufe, gona ta zama daji. Na ɗauka yunwa ce ta kama su suke jin kunyar faɗi. Sadakar Juma'ata ce."

Dije ta yi tsalle kamar an ɗana mata garwashi. "Mu? Sadaka? Mu ne mayunwata? Allah ya kiyaye! Shinkafa ake dakawa ne? A kan resho nake girki, ina hayaƙi zai fito? Shinkafa muke ci safe da dare!"

Nomau yana ta ƙifta mata ido, ina, ta riga ta gama. Ni kuwa dama tun ɗazu wani abu ke mini ƙaiƙayi a ka. Na sa hannu cikin furfurata na karkaɗe, sai ga ƙwayoyin shinkafa suna zuba kan tabarmar maigari. Na ɗaga buhun da aka rufa mini na ce, "Ashe. To wannan an cinye shi, saura nawa a ɗaka?"

Wani dattijo ya ce, "Nomau, ba ita ce shinkafar da ka ce mana ɗan takara ya yi alkawari ba ta iso ba?"

Daga nan shari'a ta bar kaina. Na ɗauki kallabina na ɗaura a karkace, na ƙulle hatsina, na ratsa taron kai a sama kamar ba ni aka kawo a kafaɗa ba.

Ban kai gida ba na ji ana bina. Tabawa ce. Ta dubi hagu ta dubi dama ta ce, "Inna, ashe turmi kike saurare?"

Na ce, "Shi."

Ta ce, "Ni dusa nake dakawa. Wata rana ma babu komai ciki. Don kar maƙwabta su ji shiru."

Duk abin da aka yi mini a ƙofar maigari bai kai wannan zafi ba. Na ɗora mata ƙullin a hannu na ce ta wuce kafin in yi mata faɗa. Faɗan kuwa na yi mata shi daga baya, a cikin ɗakinta.

Mutane sun zaci zan daina. Ɗiyata ta ce in riƙa kai wa liman ya raba, in huta. Dije, da muka shirya, ta ce in shiga ƙungiyar mata a riƙa yi tare. Na ce a'a. Gamanata ce, gumina ne, ni zan zaɓa. Har yau ban ba da ko ƙwaya don anko ba, kuma yaran da ke kirana Inna Mai Buhu in na wuce, na san iyayensu, na san abin da ke tukunyarsu.

Abin da na canza guda ne. Na daina yarda da turmi, na daina yarda da hayaƙi, na daina hawan kututture. Yanzu da rana tsaka nake sallama, in shiga har madafa, in buɗe tukunya da hannuna. Ana cewa na cika shisshigi, na ji na karɓa. In kuma aka zo neman shawarata kan yadda za a kama mugu, sai na fara tambaya: wace rana yake zuwa, kuma wane irin tsumma yake jefawa?