Kifin Uwar Miji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo garar auren ɗana Nasiru ba. Lokacin ina da shekara hamsin da ɗoriya, wata shida da shiga ajin manya a Birnin Kebbi, kaina ya kumbura. Malamarmu ta koya mana cewa a tatsuniya komai da abin da yake nufi: kura haɗama ce, rijiya asiri ne. Shi ke nan, na zama mai fassara. Ko tsintsiya aka jingine a karkace sai na faɗi ma'anarta. (Maigidana har ya daina ajiye hula a gabana.)

Dangin amarya masunta ne daga Argungu. Bayan an sauke buhunan shinkafa, gwaggon amarya, wata tsohuwa mai sanyin murya, ta ajiye min kwano daban. Na buɗe: ƙaton kifi banda guda ɗaya, an lanƙwasa shi, an cusa masa wutsiya a baki.

Nan take ilimi ya motsa. Kowa ya san ni da baki. Wato ni ake cewa in rufe shi.

Na miƙe gaban mata sun fi talatin. "Ni za a yi wa habaici a gidana? Na yi makaranta fa. Ku kwashi kifinku."

Wata ƙanwar uwar amarya ta fara naɗa gyale, tana cewa in haka ne su koma da ɗiyarsu tun ba a yi nisa ba. Nasiru na ƙofar zaure, kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Tsohuwar ko tashi ba ta yi ba. "Hajiya, mi kika gani? Gidanmu tun kakanni, kifin da ya fi girma na uwar miji ne. Mun yarda in ta ci, bakinta ba ya faɗa wa ɗiyarmu sai alheri."

"To, wutsiyar fa?"

"Haka ake yi masa banda. Ke a miƙe kike saye a kasuwa?"

Shekara arba'in ina jefa irinsa a miya. Dariyar da aka yi, har da masu dafa abinci a bayan gida. Dole na zauna na ɓare shi na ci a gabansu, ina ba da haƙuri da baki cike, kafin waccan ta warware gyalenta.

Tun ranar, in an miƙo min abu, sai na fara tambaya ko na ci ne. Fassara sai bayan na wanke hannu.