Askin Gwamnati a Dajin Gwarmai

Dajin Gwarmai bai taɓa ganin fitina irin ta bana ba. Wasu matasan bunsuraye bakwai ne suka shige kogon dutse, suka ce Allah ya haramta kaɗa wutsiya, wanda duk ya kaɗa sai ya sha tunkuyi. Ga damina, ga ƙuda!

Sarki Dorina, wanda ke mulki daga cikin kududdufi, hanci kawai a waje, ya aika ƙetaren teku neman agaji. Sai ga mikiyoyi, kowace da dutse a farata. Shugabarsu ta ce, "Yaya za mu gane su daga sama?"

"Suna da gemu," in ji Waziri Hawainiya.

Shi ke nan fa. Ranar farko aka ragargaza gonar masara, aka yi shelar an gama da masu gemu dubu uku. Washegari ruwan duwatsu ya sauka a unguwar awaki. 'Yan kogo kuwa ko ƙwarzane ba su yi ba.

Baba Jatau, tsohon bunsurun da ya fi kowa zagin 'yan kogo, ya nufi fada da jikokinsa biyu da suka tsira.

"Ranka ya daɗe, gemun nan gadonmu ne. Ni da nake kaɗa wutsiya safe da yamma, kowa shaida! So nake kawai yaran nan su rayu."

Waziri ya rikiɗe ya koma kore. "Gwamnati na sane da halin da kuke ciki. Mun kafa kwamiti mai ƙarfi, kuma kowane ɗan ƙasa zai samu aski kyauta."

Aka yi aski. Jatau har da hawaye, don haɓarsa ta koma kamar ƙwan kaza. Bayan kwana uku mikiyoyi suka ce bayanan sirri sun nuna 'yan ta'adda sun aske gemu don ɓad da kama, saboda haka duk mai sabon aski sai jifa.

Jatau ya dubi sama, ya dubi jikokinsa, tsoro ya kama shi. A duk dajin, rufi ɗaya ne dutse ba ya fasawa. Ya tasa yaran gaba. A bakin kogon ya tarar da layi har rafi, har da jakuna da ba su taɓa yin gemu ba.

Mai tsaron ƙofa ya washe baki. "A'a, Baba Jatau! Ashe ka yarda da mu?"

"Ko kusa, ɗan nan. Matsa yaran su shiga."