Injiniya da Zuri'arsa

Idan ana zancen masana kwamfuta, a yi shiru a bar Injiniya ya yi magana, don ko ba a yi shirun ba zai yi. Mutum ne da Allah ya hore wa ilmi har ya rasa inda zai zuba shi sai a kunnen jama'a. Biro uku a aljihun gaba, waya biyu a hannu, ga tabarau wanda ba na ciwon ido ba ne, na girma ne. Ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta ba shi injiniyanci, amma wannan laifin masu tambaya ne, ai ba a tambayar zaki shaidar zama zaki. A cibiyar koyon kwamfuta inda yake koyarwa, ɗaki biyu a saman wani shagon magani, ɗalibai na kiransa Na-Riga-Na-Sani a bayan idonsa. Da sun faɗa a gabansa ma, cewa zai yi ya riga ya sani.

Wata Litinin mai cibiyar ya kira shi tare da Malama, wadda ke koyar da 'yan safe. Ya ce shugabar wata makarantar firamare na son ɗan wasan kwamfuta mai sauƙi da za a koya wa yaranta da shi, kuma ranar Alhamis za ta zo ta gani. In ya yi mata, yara sittin za su riƙa zuwa. In bai yi ba, ɗaki ɗaya zai rufe, malami ɗaya ya tafi gida. Injiniya ya dubi Malama da tausayi, don ya riga ya san ko wane ne zai tafi.

Kwana biyu Malama ta yi a kan aikin. Wasan ba hoto, haruffa ne zalla. Fili na ɗigo-ɗigo, layi goma, kowane layi ɗigo goma. M manomi ne, A akuya, K kura. Mai wasa zai tuƙa manomi ya kora akuya zuwa garke a kusurwa kafin kura ta cim mata. Ta bi hanyar da masu wannan sana'a ke kira gado: ka fara rubuta uba guda, ka zuba masa halaye, sannan duk wanda ka ce ɗansa ne ya kwashe halayen ba sai an sake rubuta masa ba. Uban nata ta sa masa suna Halitta. Ya san inda yake tsaye, ya iya taku ɗaya, in kuma biyu suka haɗu, mai ƙaramin ƙarfi ya kauce ko a cinye shi. Manomi da akuya da kura duk 'ya'yansa ne.

Ranar Laraba Injiniya ya zo dubawa, hannuwa a baya. Wasan na tafiya lafiya lau, abin da ya ɗan ɓata masa rai.

"An yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma gado ilmi ne mai zurfi, Malama. Mu da muka yi shekaru a cikinsa mun san cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Ba ni kujerar."

Gyaran farko, ya share manomi ya rubuta Injiniya, don yara su tashi da buri. M ta koma I. Yana cikin jin daɗin haka sai idonsa ya faɗa kan layi biyu a jere: Injiniya ɗan Halitta, Akuya 'yar Halitta. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Layukan na nan. Wato shi da akuya uba ɗaya.

Mai daraja ba ya gadon kowa, shi ake gada. Nan take ya kori Halitta daga cikin rubutun, ya kwashe kayansa ya ba Injiniya, ya mai da akuya da kura ƙarƙashinsa. Sai ya ga dokar nan ta kaucewa, wadda ba ta dace da mutum irinsa ba. Ya goge ta ya rubuta tasa: Injiniya ba ya kauce wa kowa, ba a cin sa, kuma duk wanda ya tare masa hanya a fito masa da rubutu a allo, "Ka san ko ni wane ne?"

"Injiniya," in ji Malama a hankali, "duk abin da ka sa wa uba fa, 'ya'ya za su ɗauka."

"Lokacin da na fara wannan aiki, Malama, ke ba ki san inda ake kunna kwamfuta ba."

"To ko mu gwada shi sau ɗaya?"

"Gwaji na masu shakka ne."

Malama ta ja gefe ta bar masa kwamfutar. In ka ga mutum na gina ramin kansa, ba ka karɓe masa magirbi. Nata na asali dai yana ajiye a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, cikin jakarta.

Ranar Alhamis Shugaba ta zo, dattijuwa mai ƙarancin magana. Injiniya ya yi jawabin minti ashirin a kan yadda ya tarar da aikin ɗanye ya dafa shi. Mai cibiyar na ta share gumi. Da aka gama, Shugaba ta zauna ta sa yatsa a madannin kwamfutar.

Ta tura I wajen akuya don ta kora ta. Akuya ko gezau. A ƙasan allo rubutu ya fito: "Ka san ko ni wane ne?" I ma ta mayar mata da tambayar. Kura ta lallaɓo daga kusurwa, ta iso gaban akuya, ta tsaya. Akuya ta tambayi kura ko ta san ko ita wace ce. Kura ta tambayi akuya. Haruffa uku suka yi cirko-cirko a tsakiyar fili, ba mai kaucewa, ba mai cin wani, tambayar na gangarowa layi bayan layi har ta ture filin daga allon.

"Wannan," in ji Injiniya, muryarsa ta ɗan sirance, "shi ake kira zaman lafiya tsakanin dabbobi. Da gangan ne. A manyan ƙasashe yanzu haka ake yayi."

"Ni dai akuya nake so ta shiga garke," in ji Shugaba. "Wa ya koya mata taurin kai?"

Ta matso kusa da allo. Ta ce a buɗe mata rubutun, ai ta iya karatu. Malama ta buɗe. Shugaba ta bi da yatsa, ta karanta a fili kamar mai kiran sunayen 'yan aji: "Akuya, 'yar Injiniya. Kura, 'yar Injiniya." Ta ɗago ta dube shi, ta sake duban allo, ta gyaɗa kai irin na wadda ta ga kama.

Malama ta zaro filas ɗinta, ta kunna wasanta na asali ba tare da ta dubi kowa ba. Cikin minti biyu manomi ya kai akuya garke, kura ta ciji iska. Shugaba ta ce wannan take so, kuma wadda ta rubuta shi ita za ta koyar da yaran. Mai cibiyar ya sauke ajiyar zuciya, ya ce Injiniya zai riƙa taimaka wa Malama da jera kujeru, tunda yara sittin ba wasa ba ne.

A bakin ƙofa Shugaba ta tsaya ta gyara mayafi. Ta juyo wajen Injiniya da fuskar mutunci, ba alamar dariya.

"Ashe ƙaruwa aka samu, har biyu. Allah ya raya."

Kafin ya ankara, bakinsa ya riga shi.

"Amin," in ji Injiniya.