Kiɗan da Na Yaba Ban Ji Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar Asabar ɗin da na tsaya gaban mutum tara a garin Greensboro, can ƙasar Turawa, ina yabon kiɗan da ba a yi ba.

Akwai wata ƙaramar ƙungiyar makaɗan Turawa a garin nan, masu piyano da sarewa da goge iri-iri. Shekara uku ina cikin kwamitinsu na masu sauraro. Sun sa ni ne don na faɗa musu na zauna a Faris da Masko da Alƙahira, kuma na shiga manyan ɗakunan kiɗa a can. (Gaskiya ne. Sai dai ban faɗa musu a Masko sanyi ne ya kora ni ciki ba.) Idan kakar wasanni ta ƙare mukan zauna mu duba abin da ya wuce, mu tsara na gaba.

A bana ina da buƙata. Malam Idi, mutumin Maraɗi, yana aikin ɗaukar kaya a wani sito a titin Wendover na garin nan. Idan ya ja goge sai ka ga dattijo ya ajiye cokali. Shekara goma sha ɗaya bai yi wasa a gaban jama'a ba, sai a falonsa. Gurbi ɗaya ya rage a jadawalin baɗi, na kuma yi masa alkawarinsa.

Da na gayyace shi taron kwamitin, ya tambaye ni, "Alhaji, in zo da gogen?"

Na ce, "Haba Malam Idi, ai ba biki za mu ba. Mutanen nan kunnena suka yarda da shi. Bar shi a gida."

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. A wasan ƙarshe na kakar, ranar Lahadi da rana, na fita a hutun rabin lokaci don in yi la'asar a gefen mota. Ina sallamewa sai ga wani tsohon abokina ɗan Kumasi da na yi shekaru ban gani ba. Muka gaisa da Hausa, muka sake gaisawa da Turanci, muka bi iyali ɗaya bayan ɗaya har jikoki. Kafin mu gama da waɗanda suka rasu, sai na ga mutane suna fitowa. Na shiga cikinsu ina gyaɗa kai kamar wanda kiɗa ya ratsa.

To, ranar taro Madam Helen, shugabar ƙungiyar, ta ce kowa ya faɗi abin da ya fi burge shi a kakar. Da na ce ban ga rabi na biyu ba, da shi ke nan. Amma takardar jadawalin tana aljihuna, na kuma san an rubuta piyano bayan hutu. Sai na miƙe (babu wanda ya miƙe kafin ni, kowa a zaune ya yi magana) na gyara hula.

Na ce mai piyanon nan ya tuna mini da wani da na ji a Faris, sai dai namu ya fi shi taushin hannu. Na ce Rashawa dukan piyano suke yi, Faransawa lallashinsa suke yi, shi kuwa hira ya yi da shi. Har da kalmar Faransanci na jefa. Ina ji Malam Idi yana jan gefen rigata, na ture hannunsa. A zatona so yake in yi sauri in zo kan maganarsa.

Na zauna. Wani tsoho mai sarewa ya cire tabarau yana gogewa ba dalili. Madam Helen ta ce a hankali, "Alhaji, ai mai piyanon bai samu zuwa ba, 'yarsa ce ta haihu a ranar. Masu sarewa ne suka cike wurin."

Na iya harshe biyar. Ko ɗaya bai zo mini ba.

Ba su yi dariya ba, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Aka wuce zuwa maganar baɗi. Da aka zo kan gurbin, na faɗi abin da na tanada game da Malam Idi, amma ni kaina ina jin muryata kamar ta mai tallar magani. Madam Helen ta juya gare shi da fara'a ta ce, "Ka zo da gogen mu ji?"

Ya dube ni. Na dubi tebur.

Ranar Litinin za a kai jadawalin wurin bugawa, akwai kuma wata mai neman gurbin da ta turo musu faifan wasanta tun tuni. Ita aka ba.

Na ɗauki Malam Idi a mota zuwa gidansa, har muka kusa garin McLeansville. Ya ce, "Alhaji, ni fa na zauna har ƙarshe ran nan. Masu sarewar sun yi ƙoƙari."

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

"Rigarka na kusa yagawa. Kana Faris lokacin."

Ya yi dariya, ni ban iya ba. Ya bar wa wani aikinsa na ranar Asabar don ya zo, matarsa har ta faɗa wa 'yan uwa a Maraɗi. Na ba shi haƙuri a ƙofar gidansa, ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, Allah ya kai mu wata shekarar." Yatsunsa na kalla, waɗanda kwali ya fara busarwa, na ga shekara tana da tsawo.

Har yanzu ina kwamitin. Yanzu idan na fita salla, ko wa na gani hannu kawai nake ɗaga masa. Idan aka tambaye ni abin da ban ji ba, nakan ce ban ji ba, da harshe ɗaya. Taron tsara kaka mai zuwa kuwa, na riga na faɗa wa Malam Idi: shi zai shiga da gogensa, ni zan riƙe masa jakar.